Kwamfutar Wancan Yaron

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyaran kwamfuta a Dutsin-Ma, tun lokacin da ɗalibai suka fara cika gari da 'yan jakunkunansu na goyo. Akwai tambaya guda da nake yi wa duk wanda ya ɗora na'ura a teburina kafin in taɓa ko da sukuru ɗaya: me ke cikinta da ba ka son rasawa? Na yi wa malaman jami'a ita, na yi wa masu ɗaukar hoton biki, har wani Alhaji mai sayar da taki ya taɓa ce mini na cika bin diddigi kamar alƙali. Sau ɗaya tak na haɗiye wannan tambaya, kuma a kan kwamfutar surukina ne, wadda ke ɗauke da muryar ɗansa da ya rasu.

Surukina malami ne a Rawayau ta ƙasar Kurfi. Makarantar allo gare shi a ƙofar gida, da gona a bayan gari, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwarsu tun kafin a haifi matata. Ɗansa na fari ya haddace Alƙur'ani a gabansa, daga baya ya tafi Kano ya yi aiki a wata maɗaba'a inda ake buga katin biki da kalanda. A can ya samo wata tsohuwar kwamfuta cikin kayan gwanjo. Da ciwo ya kama shi ya dawo gida da ita, kuma a watannin da suka rage masa ya riƙa shiga ɗaki da makirfo yana naɗar tilawarsa, har ya sauke izu sittin cif. Ya ce in ya ji sauƙi zai gyara ya zuba wa kowa a waya. Bai ji sauƙin ba. Ya rasu shekara guda kafin in auri ƙanwarsa, saboda haka ban taɓa ganinsa ba, ban kuma taɓa jin muryarsa ba.

Bayan rasuwarsa ƙannensa sukan tayar da janareto ranar Juma'a su kunna karatun, don ba wanda ya san yadda ake fitar da shi daga cikin na'urar. Malam bai taɓa zama ya saurara ba. Ɗan fari ne, kuma a gidan nan har yanzu ana kunyar ɗan fari yadda aka gada: uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya nuna yana kewarsa ko da ƙasa ta rufe shi. Matata ta ce sai dai a ga ya zo wucewa ta ƙofar ɗakin ya tsaya yana gyara igiyar akuya, ko yana duba katangar da ba abin da ya same ta, har surar ta ƙare. Ana nan wata Juma'a kwamfutar ta ƙi tashi, aka rufe ta da tsohon zane aka bar ta. Duk wannan labarin daga baya na ji shi.

Abin ya faru ne da damina, shekarar da aka haifa mini 'yata ta farko. Matata ta tafi wankan jego gidansu, ni kuma nakan hau acaba ranar Asabar in je in duba su. Wanda ya san zuwa gidan surukai ya san yadda mutum ke komawa. Ni da nake cika shago da surutu, da na doshi zauren Malam sai in tuɓe takalma tun daga nesa, in tsuguna gefe guda, idona a kan tabarma. Mutanen garin suna kirana Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana, shi ma Malam haka yake kirana.

Ranar, bayan mun gaisa, ya ɗan ja carbi, sannan ya nuna ƙofar wani ɗaki da haɓa.

"Injiniya, akwai wani abu can na wancan yaron. An ce kuna taɓa irinsu. A duba muna ko zai tashi."

Na ce, "To, Malam. In sha Allah."

Iyakar maganar ke nan. Na gane wa yake nufi da wancan yaron, kuma gane hakan ne ya ƙara ɗaure mini baki. Ta yaya zan ɗaga kai in tambayi surukina abin da yake nema a cikin kayan ɗansa na fari da ya mutu? Shi ba zai faɗa ba, ni ba zan tambaya ba. Na daɗe ina ɗora laifin a kan wannan kunya, kuma tana da nata kason, amma in zan faɗi gaskiya ba ita ce babba ba. Babban laifin ya fara ne lokacin da na yaye zanen.

Akwati ce ta farin ƙarfe, gabanta duk ƙananan huji kamar rariya, da mariƙai sama da ƙasa. Ban taɓa ganin irinta ido da ido ba, sai a hoto. Ƙwaƙwalwarta ba irin ta kwamfutocin da muke gyarawa kullum ba ce, wata zuriya ce daban da masu ƙera ta suka daɗe da yin watsi da ita, don haka manhajojin da kowa ke sakawa ba sa hawa kanta ko kusa. Ni kuwa mutumin Linux ne, wani tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta, kuma ba mai sauƙin kai ba ne a kansa. Na kori kwastoma fiye da ɗaya da wa'azin da bai tambaye ni ba. Muna da wani zauren hira a waya, mu 'yan tsiraru daga garuruwa daban-daban, inda kowa ke baje kolin tsohuwar na'urar da ya farfaɗo da Linux, kuma ba wanda ya taɓa nuna irin wannan. Da na gan ta sai na ce a raina, abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Na shiga cikin gida na yi wa matata sallama a gurguje, tana fama da jaririya ga mata cike da ɗaki, ban ko ambaci kwamfutar ba.

Muka naɗe ta da leda biyu saboda hadari, na rungume ta a bayan ɗan acaba. Nauyinta ya kai rabin buhun gero. Hanya duk taɓo, sau biyu ina sauka muna tura babur, har ɗan acaban ya waiwayo ya ce, "Injiniya, wai mi ke cikin wanga abu, ƙarhe ko duwatsu?"

A shago na jona ta, ta yi wani ƙara mai daɗi, sannan ta tsaya tana nuna alamar tambaya tana ƙiftawa, wato ta nemi tsarinta na asali ta rasa inda yake. Mai hankali a nan zai tsaya. Rasa hanyar tashi daban, lalacewar abin da ke cikin rumbun ajiya daban, kuma na san haka tun ina koyon aiki. Amma hankalina yana wani wuri.

Kwana tara na yi ina kokawa da ita. Manyan nau'o'in Linux sun daina fitar da na irin wannan ƙwaƙwalwa, sai wani da 'yan sa-kai ke riƙe da shi a gefe, shi na sauko da shi da ƙyar da network ɗinmu mai zuwa yana tafiya. Na zuba a filashi, ta ƙi ko kallonsa. Na karanta cewa faifan sidi take so, na zagaye kasuwar Dutsin-Ma ina neman faifai marar komai, masu shaguna suna yi mini dariya, wani ya ce in haɗa da kaset. A ƙarshe wani mai ɗaukar bidiyon biki ya zaƙulo mini guda huɗu a ƙasan akwati. Biyu suka lalace. Na koyi cewa sai an danne maɓallai huɗu a lokaci guda yayin kunna ta kafin ta buɗe wani farin shafi inda ake rubuta mata umarni da hannu. Fankokinta kuwa, da yake ba tsarin da ke sarrafa su, suka riƙa ruri har telan da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo ya tambaya ko na koma sana'ar niƙa.

A kwana na shida ta karɓi faifan. Shirin sakawa ya bi matakansa, harshe, lokaci, har ya kai inda yake tambayar yadda za a raba rumbun. Ya jero abin da ya gani: wasu ƙananan ɓangarori, da babban ɓangare guda mai ɗauke da tsohon tsarin. Ina iya tuna hannuna a kan maɓalli. Da a ce na fita daga wurin na buɗe wannan ɓangare na leƙa, aikin minti biyar ne, kuma Linux na iya karanta shi sarai. Da a ce na ɗauki waya na kira matata, aikin minti ɗaya ne. Amma na ji tsoron in na fita faifan zai sake ƙi, ga wuta ta kusa ɗaukewa, ga mutanen zauren waya suna jiran labari tun shekaranjiya. Na ce wa kaina, me za a samu a kwamfutar maɗaba'a in ba katin biki ba? Malam cewa ya yi a duba ko za ta tashi, to ga ta za ta tashi. Na zaɓi a yi amfani da rumbun gaba ɗaya. Shirin ya gargaɗe ni cewa duk abin da ke ciki zai goge, ya tambaya ko na tabbata, na ce na tabbata.

Ba ma sau ɗaya ba. Karon farko ta ƙi tashi saboda na manta wani ɗan ƙaramin ɓangare da irin waɗannan na'urori ke buƙata don su gane tsarin. Na sake. Karo na biyu ta tashi da baƙin allo. Na sake. Sai a na uku hoto ya fito, launukansa a hargitse, shuɗi ya koma ja, na bi na gyara. Na ɗauki hoton allon na tura zauren waya, yabo ya yi ta zuba, wani daga Zariya ya ce a ba ni sarautar sarkin gwanjo. Ranar har tsire na saya wa telan.

Saura sauti. Kwana uku na ƙarshe a kansa suka tafi, ina karanta tsofaffin bayanan mutanen da watakila su kansu sun manta sun rubuta, har lasifikar ta yi magana. Da ta yi, sai wata dabara ta zo mini wadda na ɗauka alheri ce. Tunda gidan malami za ta koma, me zai hana in cika ta da abin da zai amfane shi? Na zuba mata cikakken Alƙur'ani na manyan maƙaranta huɗu, da tafsirin azumi na shekaru, da littattafan fiƙihu, na yi ta lodi har rumbun ya kusa cika. Wanda ya san aikinmu ya san abin da ke nan. Abin da aka goge yakan zauna a ɓoye har sai an rubuta wani abu a kansa. In da sauran wani abu da ya tsira daga sakawa uku da na yi, wannan kyautar tawa ce ta bi ta kansa.

Asabar ta zagayo na sake rungumo ta zuwa Rawayau, ina ji da kaina. Malam ya tafi gona, na ajiye ta a zaure na shiga wurin matata. Ta riga ta ji labari daga ƙannenta cewa na tafi da ita, fuskarta cike da murna.

"Ta tashi?"

"Ta tashi mana. Ke kin san wa kika aura."

"Alhamdu lillahi. To ka ji muryar Yaya? Ko ba ta yi maka daɗi ba? Ni Suratu Maryam nike so ka hwara zuba mani a waya."

Na ce, "Wace murya?"

Ta dube ni, jaririya a kafaɗarta. Ban san abin da ta gani a fuskata ba, amma murnar ta sauka a hankali. Ta ba ni labarin da na rubuta a sama, da ɗakin, da makirfon, da igiyar akuya. Ta ce ta ɗauka Malam ya faɗa mini. Daga baya na fahimci shi ma Malam ya ɗauka ita za ta faɗa mini. Ni kaɗai ne a cikinmu wanda tambaya take cikin aikinsa.

Kunyar da ta rufe ni a ɗakin nan ban taɓa jin irinta ba. Kuma maimakon ta sa in yi abin kirki, sai ta sa na ƙara wani. Na ji sallamar Malam ya dawo, na fita na tsuguna na ce masa na kawo ta ne in gwada wani abu, amma akwai sauran gyara, zan koma da ita. Ƙarya na yi masa a zaurensa, a gaban allunan ɗalibansa. Ya ce, "Ba komi, Injiniya. A yi a hankali, ba sauri." Ya sa aka ba ni gyaɗa sabuwar cira in tafi da ita.

Mako biyu na rufe shago da rana ina cewa ba ni da lafiya. Na cire rumbun na jona shi da tawa kwamfutar, na sakar masa duk wata manhajar tono gogaggen abu da na sani. Ta yi ta tono tarkace: rabin katin ɗaurin aure, kan wata kalanda, dubban fayiloli marasa suna da ba sa buɗewa. Na bi na sauti ɗaya bayan ɗaya, a nan na gane wani abu da ya ƙara kashe mini jiki. Ban san muryar da nake nema ba. Ko ta fito ba zan gane ta ba. Rana ta goma na samu wani guntu na daƙiƙa ashirin, murya siririya mai ɗan rawa, ba ta yi kama da waɗanda na saba ji ba. Nan da nan na kira matata na kara wayar a lasifika. Ta saurara har ya ƙare.

Ta ce, "Wannan ai ba Yaya ba ne."

Ashe ɗaya daga cikin maƙarantan da na zuba ne, guntun ya lalace har muryar ta canza. Shafin zauren waya kuwa har lokacin ana ta tambayata yadda na shawo kan sautin. Na fice daga zauren ban ce da kowa komai ba.

Na roƙi matata ta faɗa wa Malam, tunda ita 'yarsa ce, ta fi ni sanin ta inda za ta ɓullo masa. Ta ƙi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ɗin. Ta ce, "Hannunka ya amsa, bakinka za ya maida."

Na je ranar wata Laraba da hantsi, lokacin da ɗalibai suka tashi. Malam na zaune kan buzu yana gyara alƙalamin kara da reza. Na ajiye kwamfutar a bakin ƙofa, na tsuguna, na gaishe shi. Na yi ta shirya kalmomi a hanya, kalmomi masu laushi waɗanda za su raba laifin tsakanina da tsufan na'ura, amma da na buɗe baki sai suka gudu. Na ce masa kwamfutar ta tashi tun makonnin da suka wuce. Na ce karatun da ke ciki yana nan lafiya lokacin da na karɓe ta, ni na goge shi da hannuna, ban duba ba, ban tambaya ba, kuma na nema ban samu ba. Na ce wancan zuwan ƙarya na yi masa. Na ce ya yafe mini.

Rezar ta tsaya. Ban iya ɗaga kai in ga fuskarsa ba, ƙafafunsa kawai nake gani da ɓawon karan da ya zuba a kan buzu.

Can ya ce, "Du ya tahi?"

"Duka, Malam."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ajiye rezar. "Ba ka yi da nuhi ba. Allah ya yahe muna baki ɗaya." Na ɗauka ya gama, har na fara neman yadda zan miƙe. Sai ya yi gyaran murya, muryarsa ta yi ƙasa, kamar ɗalibi ne ke tambayar malami.

"Injiniya, in tambaye ka. Mu nan in aka wanke allo, ba a zubda ruwan inda ƙahwa za ta taka. Akwai inda muke tara shi. To ku, in kun wanke naku, ina kuke zuba ruwan? Ko ɗan kaɗan ne, in an san wurin."

Shekara goma sha ɗaya ina amsa tambayoyin mutane a kan na'ura, wasu da ilimi wasu da kame-kame, ba a taɓa yi mini irin wannan ba. Na ce, "Malam, namu ba shi da ruwa."

Ya ce, "To."

Ya ɗauki alƙalaminsa ya duba bakinsa, ya ajiye. Sannan ya ce in taimaka in mai da kwamfutar ɗakin da na ɗauko ta, in rufa mata zanenta. Na ce ko in nuna wa yaran gida yadda ake kunna ta, akwai karatu da yawa a ciki. Ya ce a'a, a bar ta haka nan. Na ɗauke ta na kai, na rufe, na jawo ƙofar. Da na fito ban tarar da shi a zaure ba, aka ce ya fita ya nufi bayan katanga, kuma ban ga ya dace in jira ba.